Tabon da Ba Mu Duba Ba

Ke da kika lulluɓa da koren tobi, ajiye allon nan tukuna ki miƙo min hannunki. Kai! Farce kamar mai shirin biki. Da wannan za ki taɓa cikin mace? Yanke shi kafin gobe. Tun da aka turo ku markaz ɗin nan, ɗan asibitin ƙauyenmu, ku huɗu nake jin kuna cewa aikin unguwarzoma ya zo da sauƙi yanzu, wai ki shafa allo, ya yi tambaya, ki amsa, ya nuna kore ko ja, halas, an gama. Ban ce ƙarya kuke ba. Ina cikin waɗanda suka zauna suka zaɓi tambayoyin da ke cikin allon nan, shi ya sa ma nake so ku saurare ni. A'a, ɗauke kujerarki, ba na iya zama. A tsaye zan faɗa muku.

Haihuwar farko da na karɓa da hannuna, a makarantar unguwarzoma ce, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Malamarmu wata Balarabiya ce, Sit Batul, gajera, ba ta dariya sai ranar Juma'a. Ita a zamaninta ba da karatu aka koya musu magani ba, da hanci ne da harshe, kuma haka ta tilasta mana ko da mun iya karatun. Sai ta ɗaure maka ido da mayafi, ta kawo kwalba bakin hancinka ta ce, "Wannan fa?" In ka yi kuskure ka kwana kana goge almakashi. To ranar nan na tsuguna gaban mai naƙuda, na kai hannu kai tsaye inda ɗa zai fito. Sai na ji rankwashi a tsakar kaina. Ta ce, "Wa ya ce ki fara daga nan? Kwance mata zane. Daga ƙirji zuwa gwiwa sai idonki ya bi, sannan hannu." Na kwance, na duba, ban ga komai ba, na ce mata ban ga komai ba. Ta ce to yanzu na san babu komai, ɗazu kuwa ban sani ba.

Da muka gama aka ba kowace akwatin ƙarfe. Ga nawa can ƙarƙashin gadon awo, ku buɗe in kun so. Almakashi biyu, maƙata ta kama cibi, zare, burushin farce, leda ta shimfiɗa, tasa ta tafasa kaya, da ƙahon nan na katako da ake ɗorawa a ciki a ji bugun zuciyar ɗa. Da shi na dawo ƙauyen nan na bakin kogi, kuma shekara talatin da wani abu ke nan ina ɗauke da shi a ka, a jaki, a kwalekwale, wani lokaci a bayan tarakta. Rabin mutanen da kuke gani suna wucewa ta ƙofar nan ni na yanke musu cibi. Shi ya sa ban taɓa tambayar macen garin nan haihuwarta nawa ba. Ni na karɓe su, na san wadda ta yi ɓari, na san wadda jini ya taɓa ɓalle mata, na san wadda ɗanta ya zo ta ƙafa.

Baƙuwa ce ake tambaya, kuma tambayar Bahaushiya akwai yadda ake yin ta. Ku da kuka tashi a birnin Damazin, Larabcinku ya fi Hausarku, ban sani ba ko iyayenku sun nuna muku wannan. Mace a cikinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Da an yaye shi kakarsa take ɗaukewa, ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya. In ka tambaye ta 'ya'yanta nawa a gaban manya, daga na biyu take fara lissafi. In shi kaɗai gare ta kuwa, sai ta rufe fuska ta ce, "Ni ina na ga ɗa?" Ba ƙarya take yi ba a wurinta, kunya ce, kuma wadda ba ta yi haka ba ita ake zunɗe. Don haka ni in baƙuwa ta zo da tsohuwa, sai in aiki tsohuwar ta ɗebo min ruwan zafi, in rufe ƙofa, in ce, "Ɗiyata, ban da wanda ke hannun Inna, saura nawa?" Sai ta yi murmushi ta ɗaga yatsu. Sannan duk abin da ta ce, sai na kwance zane na duba.

Wata shekara kafin yaƙi takarda ta zo min daga Damazin, wai ana neman tsohuwar unguwarzomar ƙauye ta zauna da masana. Za a kawo wa kowane markaz allo mai aiki da hasken rana, wanda zai riƙa yi wa mai ciki tambayoyi ya raba waɗanda za su haihu a ƙauye da waɗanda dole a tura asibiti tun da wuri, kore na ƙauye, ja na asibiti. Abu mai kyau ne, wallahi, har yau ban ce ba shi da kyau ba. Mu ashirin da wani abu ne: likitocin mata daga Madani da Hartum, masu magani, 'yan boko masu haɗa allon, sai ni da tobina mai warin hayaƙi. Yadda suka tsara shi ne, a rubuto duk tambayoyin da kowa yake ganin sun dace, kowa ya ba kowace tambaya maki daga ɗaya zuwa tara, shi kaɗai, ba tare da ya ga na wani ba. Sai a tara, a dawo maka da shi ka ga inda jama'a suka tsaya da inda kai ka tsaya, ka sake tunani. Haka har sau uku. Abin da mafi yawa suka haɗu a kai shi zai shiga allo, saura a zubar. Sun ce an yi haka ne don kada babban likita ya danne ƙarami da murya.

Ranar farko aka nuna mana a bango yadda zai yi aiki. Ya tambaya, "Kin taɓa haihuwa?" In an ce i, sai ya buɗe wasu tambayoyin: an yi miki aiki, jini ya zuba, ɗan ya zo da rai? In an ce a'a, sai ya tsallake su duka ya wuce, don kada a ɓata lokaci. Kowa ya yaba. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce a ƙara abu guda: ko mace ta ce ba ta taɓa haihuwa ba, kada allon ya wuce sai ma'aikaciya ta kwance zane ta duba mara da idonta, ta shaida babu tabon aiki. Aka rubuta, aka sa cikin jerin.

Sai wani matashin likita ya ce cikin raha, "Ya Hajja, akwai macen da za a tsaga wa ciki ta manta?" Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma nan ne wurin da ya kamata in miƙe in ce, ba mantawa take ba, a cikinmu Hausawa mace ba ta ƙirga ɗan fari. Magana biyu ce kawai. Na duba ɗakin, ni kaɗai ce Bahaushiya. Tun ina yarinya nake jin ana kiranmu Fallata, ana cewa Fallata kaza, Fallata kaza, ba su waye ba, suna ɓoye mata a gida. In ce musu kuma matanmu suna musun 'ya'yan cikinsu? Gobe a yi ta ba da labari a Madani ana sheƙa dariya? Sai na ce, "Wani lokaci mata suna jin nauyi." Na tsaya nan. Suka gyaɗa kai, suka wuce tambaya ta gaba.

Zagaye na farko na ba tambayata maki tara. Da aka dawo da takardar, jama'a duk sun taru wajen uku da huɗu, ga ɗigo ɗaya can gefe shi kaɗai. Ba a sa suna ba, amma wa za a ɓoye wa? Zagaye na biyu na sake ba ta tara. Akwai fili a ƙasa da aka ce wanda ya saɓa wa jama'a ya rubuta dalilinsa, babu mai sanin ko wane ne. Na riƙe biro har ya yi gumi a hannuna, na rubuta, "Duba ya fi tambaya." Ko a nan ɗin ma ban faɗi ainihin maganar ba. Zagaye na uku ta waya aka turo, ina gida, ana ta shuka dawa, mata uku suna kan gwiwa a mako guda. Wata daktora mai kirki, cikin likitocin matan nan, ta kira ni ta ce, "Hajja Ladi, ba matsa miki nake ba. Amma allon ya riga ya yi tsawo, ma'aikata za su gaji su riƙa danna komai don su wuce. Kuma ai kowace unguwarzoma tana duba ciki ko ba a ce mata ba." Na ce gaskiyarta. Na mayar da tarata huɗu, na tura, na ɗauki akwatina na fita. Bayan wata biyu aka aiko mana da godiya, wai masana sun yi ittifaƙi, babu wanda ya saɓa.

Allon ya zo tare da Ihlas, wadda kuka gaisa da ita ɗazu a ɗakin rigakafi. Ba yarinya ba ce, ta yi aiki shekaru a asibitin birni, ta fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ubanta Bahaushe ne, amma Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Muka raba aiki: ita awo da allo, ni karɓar haihuwa. Kuma ya yi amfani, kada ku ji wai. Ya kama mana mata masu hawan jini da ni da kaina da sai sun kumbura zan gane.

Sai mummunar shekara ta zo. Yaƙi ya shiga yankin Jazira, mutane suka yi ta kwararowa kudu, a lori, a ƙafa, wasu da akuya ɗaya, wasu da kayan jikinsu. Hausawan wajen Hasahisa da yawa nan suka nufo, don sun ji akwai 'yan uwa. Kowane gida a garin nan ya sauki baƙi. Ranar awo da muka saba ganin mata goma, sai mu buɗe ƙofa mu ga layi har gindin bedin can. Magani ya ƙare, safar hannu sai mu wanke mu shanya. Ni kuma a karon farko tun da na fara aiki, ina kallon fuskokin mata ban san ko ɗaya ba.

Cikinsu akwai Rabi. Doguwa, mai sanyin magana, ba ta wuce ashirin da huɗu ba, da ciki wata biyar. Mijinta ya ajiye su ya wuce manyan gonaki neman aikin noma. Uwarta ta rasu a hanya. Iya Dije, tsohuwar nan ta bayan masallaci, ita ta sauke ta, ita kuma ta rako ta awo, da wata yarinya 'yar shekara shida riƙe da gefen tobinta. Ina ɗaya ɗakin ina ɗinke wata, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Ihlas ta tambaye ta da Larabci ko ta taɓa haihuwa. Rabi ta dubi ƙasa. Ihlas ta sake tambaya. Ga Iya Dije zaune, ga mata cike da ƙofa suna leƙe. Rabi ta ja mayafi ta ce a'a. Ihlas ta nuna yarinyar ta ce wannan fa? Ta ce, "Ta Innarmu ce." Ihlas ta danna, allon ya tsallake. Ta auna jini, ta taɓa cikin daga sama, zanen yana ɗaure ƙasa da cibiya, ta ji zuciyar ɗa lafiya lau. Kore. Da na fito ina wanke hannu na ga koren, na ga layin, na ce, "Ta gaba." Sau uku Rabi ta zo awo, kuma sau uku ban kwance mata zane ba.

Naƙudarta ta zo tsakiyar damina, da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa. Aka kira ni gidan Iya Dije. Na shimfiɗa leda, na tafasa kaya, na goge farce, na ce to ɗiyata bismilla, na kwance zanen. Ga shi nan. Tabo a kwance ƙasan mara, tsawon tafin hannu, ya yi fari, tsohon aiki. Na ce, "Rabi, mene ne wannan?" Ta juya fuska bango. Na ce, "Don Allah, don Annabi, yarinyar nan ta waje taki ce?" Ta ɗaga kai sau ɗaya. Ashe a asibiti aka ciro ta, kuma tun a lokacin likita ya ce ƙugunta matsattse ne, kada ta kuskura ta sake haihuwa a gida. Takardar tana can cikin ɗakin da suka gudu suka bari.

Ku sani, mahaifar da aka taɓa tsagawa kamar buhu ne da aka ɗinke. Wata tana riƙewa, wata ba ta riƙewa, kuma ba a ƙauye ake gwadawa ba. Irin wannan tun tana wata takwas nake tura ta Damazin ta zauna gidan dangi kusa da asibiti. Da an yi haka, da ba ni da labarin da zan ba ku yau.

Na fito ina ihu a nemo mota. Wace mota? Kun san ƙasarmu in ta sha ruwa, baƙar laka ce mai kama ƙafa har gwiwa. Sai tarakta, shi ma yana gona, kafin a kirawo shi a ɗaura masa tirela rana ta take tsaka. Muka ɗora ta kan katifa, ni da Ihlas da Iya Dije. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba da rani. Muka kafe a kwari na farko, maza suka yi ta tura itace ƙarƙashin taya. Ni ina durƙushe da ƙahona a cikinta, ina ji, ina ƙirgawa, ina ce wa direba ya yi sauri, in ya yi saurin kuma in ce ya yi a hankali zai kashe min ita. Bayan mun haye kwari na biyu ta yi ƙara guda mai tsawo, sannan ta yi lamo. Iya Dije ta ce, "Alhamdu lillahi, ta samu sauƙi." Ni na san ba sauƙi ba ne. Naƙuda ta tsaya cak, goshinta ya yi sanyi, jijiyar hannunta tana gudu. Na ɗora ƙaho nan, na ɗora can, na zagaye cikin duka. Ban ji komai ba. Ihlas ta sa mata ruwan jijiya na ƙarshe da muke da shi, ta riƙe ledar sama da hannu har muka hau kwalta.

Da la'asar muka isa. Likitocin sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Sun ceci Rabi. Ɗan namiji ne, ya riga ya tafi. Mahaifar ta yage yadda ba ta ɗinkuwa, suka cire ta gaba ɗaya.

Kwana na huɗu na shiga wurinta. Na shirya faɗa tun daga ƙofa, don haushi nake ji kamar in fashe, haushinta, haushin allon, haushin kowa. Na ce, "Ke kuwa mi ya hana ki faɗa? Ko a kunne ne?" Ta dube ni, muryarta da ƙyar take fita. Ta ce, "Inna, na ɗauka za ki duba. A garinmu unguwarzoma ba a gaya mata, gani take yi." Na gyara mata matashi na fito. Kunya ta hana ta magana a gaban mata goma, ni kuma ta hana ni a gaban likitoci ashirin, kuma ni ce babba, ni ce aka kira don in faɗa.

Na rubuta wa masanan nan, shafi biyu, da sunana a ƙasa, na bayyana al'adar tamu tun daga tushe ba tare da na rage komai ba. Daktorar nan ce kaɗai ta amsa, daga wata ƙasa, ta ce ta yi kuka, ta ce da na faɗa a lokacin da kowa ya ba tambayata tara. Wataƙila haka ne. Masu haɗa allon yaƙi ya watsa su, har yau yana tsallakewa in an ce a'a. Shi ya sa a markaz ɗin nan, kore ko ja, babu macen da za ta sauka daga gadon can ban ga mararta ba, ko ni ko ku. In kuma wata rana aka kira ɗayarku zaman masana, ta ga ɗigonta shi kaɗai a gefe, to ta buɗe baki ta faɗi dalilin duka, su yi dariyar su gama.

Rabi tana nan, ba ta koma Jazira ba. Bayan wata biyu da sallamarta ta zo a duba mata ɗinki, ranar awo ce, ɗaki cike, Iya Dije na gefe, yarinyar na tsaye bakin ƙofa. Dole a sake buɗe mata shafi a allo. Na ce wa Ihlas ta dakata in fitar da mutane. Rabi ta ce a bar su. Ihlas ta tambaya, a hankali, haihuwa nawa. Ta ce biyu. Masu rai? Ta ce ɗaya. Sai allon ya nemi sunan mai ran. Na buɗe baki zan faɗa a madadinta, don haka ake yi, wani ne yake faɗa. Ta riga ni. Ba ta kalli allon ba, ƙofa ta kalla.

Ta ce, "Maryama."

Yarinyar ta waiga bayanta tana neman wanda ya kira ta, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.